Ap Nado, Mai Raka Mutane Wurin Gauraki

Kafin rana ta leƙo ta bayan tsaunin gabas, hayaƙin farko da ke tashi a ƙauyenmu daga rufin gidan Ap Nado yake fitowa. A wurinmu Ap ake ce wa dattijo, Aum kuma dattijuwa. Shi ke hura murhun ƙarfe, ba matarsa Aum Gaki ba. Yakan tafasa ganyen shayi, ya barbaɗa gishiri, ya jefa curin man shanu, ya kaɗa har ya yi kumfa, sannan ya kai wa Aum Gaki kofi ɗaya tana nan cikin bargo. Ita kuma ta kurɓa, ta ce gishirin ya yi yawa, ko kuma ya yi kaɗan. Shekara ashirin da biyu ke nan ana haka, bai taɓa dacewa ba.

Nasa a tsaye yake sha. Daga nan ya cusa guduma da ƙusoshi da ƙunshin soyayyiyar shinkafa a ƙirjin rigarsa, inda mazan kwarinmu ke ajiye duk abin da suka mallaka, ya ɗauki sandar gora ya fita. Kowa ya san sautin tafiyarsa: sanda, ƙafar dama, sai ta hagu ta biyo tana sharar ƙasa. Ko karnukan gari ba sa ɗaga kai.

Hanyar ba doguwa ba ce. Daga gindin gidan ibada na Gangtey ta gangara, ta ratsa kurmin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, ta bi gefen fadama a kan katakai, ta ƙare a wata 'yar rumfa a kan tudu. Saurayi mai jini a jika sa'a ɗaya ta ishe shi. Ap Nado sai ya yi biyu da rabi, don kowane katako sai ya taka shi ya ji kukansa. Wanda ya yi laushi ya ba shi ƙusa. Inda raɓa ta daskare ya kankare da bakin sanda. Yana tafe yana duba taɓo, ko kare ya sauko wurin tsuntsaye. Idan ya isa rumfar sai ya jingina, ya zuba ido a kan ɗan tafkin da gauraki ke kwana a tsaye cikin ruwa, wuyansu baƙi, jikinsu fari-fari, da ɗigon ja a tsakar kai. Rana na taɓa ruwan sai ɗaya ta ɗaga baki sama ta yi kira, sauran su amsa, su tashi biyu-biyu, uku-uku, su nufi gonakin dankalin da aka riga aka tone. Sai ya ga sun tashi lafiya yake juyowa ya tari baƙin ranar.

Safiyar Ap Nado ke nan daga ƙarshen Oktoba, lokacin da gauraki ke ƙetaro tsaunuka daga arewa, har zuwa ƙarshen Fabrairu da suke komawa. Shekara talatin da huɗu yana yin ta. Ranar Lahadin da ta wuce ya ajiye aikin rakiya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin in don ta bakinsa ne, babu wanda zai taɓa jin ko ɗaya daga cikin abin da zan faɗa.

Yaran yanzu sun ɗauka da ɗingishi aka haife shi. Ba haka ba ne. A samartakarsa babu mai saurinsa a duk kwarin Phobjikha. Dawaki shida yake korawa da buhunan dankali, ya haye tsauni ya kai su bakin titi, ya dawo a yini guda. Yana da shekara talatin da biyar wani doki ya zame a kan ƙanƙara ya danne shi. Ƙugu ya karye, aka yi ɗori, ɗorin bai zauna daidai ba. Shekara biyu ya yi a bakin taga yana kallon dawakinsa a hannun wani. Ko magana ba ya so. In an ajiye masa abinci sai ya juya wa kwanon baya.

Aum Gaki ce ta kore shi waje.

"Baban Thuji," ta ce, "na gaji da yin shara ina zagaye ka kamar turmi. Ga sanda. Je ka kalli tsuntsayen can. Su ma da ƙafa ɗaya suke tsayawa, ban ji sun kai ƙara wurin kowa ba."

Da fushi ya fita. Ya ja jiki har bakin fadama, ya zauna a kan wani dutse yana huci. Washegari ya koma ba wanda ya aike shi. Kafin sanyin shekarar ya wuce ya san wace gauraka ce ke gadi in sauran suna kiwo, waɗanne ne suka zo da ɗa, wane kira ne na gaisuwa, wanne ne na kare ya matso.

Wata rana ya iske an riga shi dutsen. Wata tsohuwa ce baƙuwa daga wata ƙasa, tana haki, leɓɓanta sun yi duhu, don iskar kwarinmu ba ta isar ƙirjin mutanen gangare. Ɗan birnin da ke rakiyarsu ya yi gaba da sauran ayarin. Babu yaren da ya haɗa su. Ap Nado ya miƙa mata soyayyiyar shinkafa, ya nuna mata ƙafarsa, ya nuna hanya. Suka tashi. Taku ashirin, su tsaya. Wani ashirin, su tsaya. Sun isa tudun bayan kowa ya gama surutunsa ya juya, a daidai lokacin da tsuntsayen suka ji wuri ya yi shiru suka matso kusa. A duk ayarin nan ita kaɗai ta ga rawar gauraki.

Daga nan labari ya bazu. Duk inda ƙugunsa ya ce masa tsaya, nan ya kafa benci. Goma sha ɗaya ne, tazararsu ba ɗaya ba, domin ciwo ne ya auna ta. Masu rakiya na birni kuwa suka samu inda za su sauke duk wanda ya yi musu nauyi.

"Ap Nado, ga naka," in ji su, suna sauko da mutane daga mota. "Wannan gwiwa, wannan zuciya, wancan kuma matarsa ce ta tilasta masa zuwa."

"Ku bar min su. Ku yi ta gudu."

"Mu ajiye muku abincin rana, ko na gobe?"

"Ku cinye. Wanda bai ga komai ba ai gara ya ci ya huce."

Ba ya yawan bayani a hanya. Ya nuna maka gansakuka tana reto a reshe, ya sa ka shinshina ɓawon itace, ya taɓa kafaɗarka ka tsaya don wani ɗan tsuntsu ya gama wanka a kududdufi. An taɓa haɗa shi da wani mai ƙatuwar kyamara da ya matsa masa ya tafa hannu tsuntsayen su tashi, yana son hotonsu a sama. Ap Nado ya ce ai hannunsa ma ciwo yake, ya zaunar da mutumin, ya cika masa tafi da shinkafa. Suka yi sa'a guda suna tauna. Da gaurakin suka ga dama suka taso da kansu, suka wuce ta saman rumfar har ana jin iskar fikafikansu. Mutumin ya manta bai ɗaga kyamarar ba.

Amma ba don baƙi kaɗai muke jinjina masa ba. Akwai zancen Ap Dophu.

Dophu abokinsa ne tun suna yara suna kiwon shanu, ƙaton mutum mai murya kamar ganga. Gonar matarsa, Aum Lhamchu, tana bakin fadama, dab da tafkin da gauraki ke kwana. Shekara uku a jere ruwa yana kwanciya a gonar, dankali yana ruɓewa tun a ƙasa, ga 'ya'ya biyar a gida. Wata safiya a watan Satumba, saura wata guda tsuntsaye su iso, Ap Nado ya iske shi tsaye cikin rami har gwiwa, ya ja dogon lambatu daga gonar zuwa rafi, zai bi ta kan gaɓar tafkin.

"Me kake haƙa, Dophu?"

"Hanya nake yi wa ruwa. Ya gaji da zama a gonata, ni ma na gaji da shi."

"In ka fasa gaɓar nan, kwana uku tafkin ya tsiyaye."

"Ya tsiyaye mana."

"A cikin ruwan suke kwana. In babu ruwa, kare zai iske su a tsaye."

"To su je su kwana a gidanka." Dophu ya soka shebur a ƙasa ya share gumi. "Nado, tsuntsayenka wata huɗu suke yi su tafi. 'Ya'yana wata goma sha biyu suke ci. Je ka gaya wa ma'aikatan daji, na san can za ka. Da tafiyar nan taka, kafin ka isa na gama."

Doka ta hana taɓa fadamar, kowa ya sani. Kalma ɗaya daga bakin Ap Nado ta isa a tsayar da aikin, a kai Dophu gaban hukuma. Amma dankalin zai ci gaba da ruɓewa, yaran za su ci gaba da kwana da rabin ciki, abota ta shekara arba'in kuma ta tafi. Ya tsaya yana kallon ramin, ya kalli tafin hannun abokinsa da ya faffashe.

"Ba ni kwana uku," ya ce.

"Na ba ka biyu."

Da rana aka zuba wa Ap Nado abinci ya kasa ci. A wurinmu gona ta mace ce, miji da kayan jikinsa yake shigowa gidan matarsa. Aum Gaki tana da wata gona a kan gangare, busasshiya, mai ba da dankali kamar dunƙulen hannu, gadon kakarta. Ap Nado ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen ruwan sama, ya yi zancen yaran Dophu sun rame.

"Faɗi abin da ke bakinka," ta ce. "Kana ta juya shi kamar busasshen cuku."

Ya faɗa. Ta ci gaba da tsinke barkonon da ke gabanta, ba ta ɗago ba.

"In ba Lhamchu gonar kakata, in karɓi kwatamin da ko shanu sai sun yi shawara kafin su shiga. Saboda tsuntsaye."

"Saboda Dophu kuma."

"Kai da ka zo gidan nan da riga biyu da doki mai tari, yau kai ke rabon gona."

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Ranar ba ta ƙara yi masa magana ba. Washegari ta ɗaura zanenta na fita, ta nufi gidan Lhamchu. Matan biyu suka yi rabin yini, suka taka wannan gona, suka taka waccan, suka je gaban mai gari aka shaida musanya. Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana kakkaɓe taɓo daga takalmi.

"Na yi. Ba don kai ba, ba don tsuntsaye ba. Tukunyar Lhamchu na leƙa. Amma ka ji: daga yau har ranar da za a kai ɗayanmu wurin ƙona gawa, ban ƙara tashi hura wutar safe ba."

Asalin shayin nan ke nan. Gidan ya ji a jikinsa, ba wasa ba. 'Yarsu Thuji, wadda yanzu malamar makaranta ce, ta ce ta tuna shekaru biyu da shinkafa ta zama abincin baƙo. Aum Gaki ta bar jiƙaƙƙiyar gonar ta koma ciyawa, ta sa shanu biyu, ta kama yin cuku da man shanu, har abubuwa suka daidaita. Ba ta taɓa goranta wa kowa ba, sai dai shi mai shayin.

Dophu da hannunsa ya mai da ramin, amma kunya ta hana shi sakat. Shekara guda cur bai yi wa Ap Nado magana ba. In ya hango shi sai ya tuna yana da aiki a wani gefen. Sai wata safiya, gaurakin farko sun iso ke nan, ga shi ya ɓullo da katakai huɗu a kafaɗa, ya watsar da su gaban Ap Nado.

"Katako na bakwai bayan rafi ya ruɓe. Ƙafa ce kawai ta lalace maka, ko har da ido?"

"Na gani. Jira nake wani alfadari ya kawo min sabo."

"To ga shi ya kawo. Ba ni gudumar."

Ap Nado, kai ne ka riƙe bakinka a ranar da magana ɗaya ta isa ta ba ka nasara. Kai ne ka ga cewa mai haƙa ramin nan ba mugu ba ne, uba ne da tukunyarsa ta yi sanyi. Tafkin yana nan, abokin yana nan, babu wanda ka sayar don ka tsirar da ɗaya. Mu da muke kai baƙi rumfar nan muna nuna musu ruwa kamar dama can haka zai kasance, ba mu cika tuna cewa gonar wata mata ce a kwance a ƙarƙashinsa ba.

Shekara shida da suka wuce, ana tsakiyar tonon dankali, Dophu ya faɗi a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi wata guda a asibiti, aka dawo da shi baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Mutumin da in ya yi dariya ake ji a ƙetaren rafi ya juya fuska ga bango ya ce kada a bar kowa ya shigo. Ma'aikaciyar jinya ta ƙauyenmu ta gaya wa Lhamchu gaskiya: in ya riƙa takawa, ƙafar na iya dawowa, in ya kwanta har sanyin nan ya wuce, ta sandare ke nan. Lhamchu ta roƙa, 'ya'ya suka roƙa. Ya jefe su da kofi.

Ap Nado bai je da wuri ba. Sai ranar da tsuntsayen farko suka sauka ya hau matakalar gidan, ya wuce Lhamchu da ke ƙoƙarin tare shi, ya zauna a bakin shimfiɗa.

"Sun iso," ya ce. "Bakwai, da 'ya'ya biyu."

Dophu bai juyo daga bango ba.

"Aron ƙafa na zo. Tawa ta hagu ta mutu tun kana da gashi, taka ta dama ta bi ta. In muka haɗa abin da ya rage, mun tashi mutum ɗaya mai kyau."

"Fita," in ji Dophu, da ƙyar kalmar ta fito.

"Zan fita. Amma ka san ni, kafin in kai ƙofa rana ta faɗi."

Lhamchu tana waje ta ji wani irin sauti, ta shigo a guje ta ɗauka shaƙewa ya yi. Ashe dariya ce ta kufce masa ta gefen baki.

Sai a rana ta tara ya yarda ya kai bakin ƙofa. Benci na farko sai da ya ci mako uku. Aum Gaki ce ta kawo dabara: ta ɗauko doguwar ɗamarar da ta saƙa, ta ɗaure su ƙugu da ƙugu, matattun ƙafafu a tsakiya, masu rai a waje, kowa da sandarsa a hannun da ke gefe. Kullum in Ap Nado ya sallami baƙinsa da rana, sai ya wuce gidan Dophu a ɗaure su. Inda ƙarfi ya ƙare, surukin Dophu ya zo da doki ya mai da shi gida. Washegari a sake farowa daga bakin ƙofa, domin Dophu ya ce shi ba zai karɓi rabin tafiya ba, kuma ya rantse sai ya kai rumfar da ƙafarsa kafin gauraki su koma.

Hanya sau uku a yini, ga nauyin ƙato a gefe, ƙugun Ap Nado ya kumbura. Aum Gaki takan gasa duwatsu ta jefa a ruwan kwamin wanka, ta zaunar da shi a ciki tana faɗa.

"Za ka tayar da wani ka kwantar da kanka."

"Benci na shida muke."

"Ban tambaye ka lissafin benci ba."

A watan Janairu dusar ƙanƙara ta rufe hanya, suka yi asarar kwana goma. Da ta narke, a kan katakan bayan rafi, sandar Dophu ta zame, ɗamara kuwa ba ta san na wa ne laifi ba, su biyu suka faɗa taɓo har ƙirji. Masu kiwon shanu da suka zo jawo su sun ce tun daga nesa suke jin Dophu yana zagin katakon, da wanda ya kafa shi, da dokin da ya karya wanda ya kafa shi. Lhamchu ta ce a ranar ta san harshen mijinta ya warke, don zagin ya fito tas, babu harafin da ya faɗi.

Amma lokaci yana tafiya. A ƙarshen Fabrairu gauraki suka fara tashi. Kowace safiya wasu su yi ta kewaya sama, suna hawa suna hawa, har su zama ɗigo, su miƙe arewa. Tsofaffin biyu suna zaune a benci na tara babban garken ya tashi. Suka bi shi da ido ta tsakanin rassa har kiran ya ɓace. Dophu ya sunkuyar da kai.

"Shi ke nan. Kira yaron nan ya kawo doki."

"Akwai saura."

"Ƙarya kake."

"Na taɓa yi maka ƙarya?"

"Ka taɓa ce min shayinka da daɗi."

"Akwai uku," in ji Ap Nado. "Uwa da uba, da ɗan da aka ƙyanƙyashe a makare. Fiffikensa bai yi ƙwari ba, ba za su tafi su bar shi ba. Gobe suna nan. Jibi ban yi maka alkawari ba."

Washegari gari na wayewa aka ɗaure su. Sa'a shida suka yi. Rabin ƙauyen ya biyo su daga nesa, kowa yana cewa saniyarsa ce ta ɓata. A gindin tudun ƙafar Dophu ta ƙi ɗaguwa, tana rawa kamar ba tasa ba. Ap Nado bai ja shi ba, bai ce masa yi ƙoƙari ba. Ya tsaya kawai, kafaɗa da kafaɗa, har rawar ta lafa. Taku ɗaya. Suka huta. Wani ɗaya. Da haka suka dafa ginshiƙin rumfar.

Suna nan, su uku, a gefen tafkin: manya biyu, da ƙaramin mai kai ruwan toka.

"Uku," in ji Dophu, yana haki. "Wata huɗu kana ja na cikin taɓo saboda tsuntsu uku." Ya goge fuska da hannun riga, ya sake gogewa.

Sai ƙaramin ya tsinci wani tushen ciyawa, ya cilla sama, ya buɗe fikafikai ya yi tsalle, ya sauko a karkace. Uban ya rusuna masa, ya daka nasa tsallen. Uwar ta shiga. Suka yi ta yi, ruwa yana fantsama, kamar ba su da wata doguwar tafiya a gabansu. Dophu ya nuna ruwan da sandarsa.

"Wannan tafkin ne na so fasawa?"

"Shi ne."

"Da ka bar ni na yi, yau me zan zo gani?"

"Da ka huta da tafiya."

Washegari da safe tafkin babu kowa. Dophu kuwa bai ƙara juya wa bango fuska ba. Tun daga shekarar, duk wanda ciwo ya kwantar a ƙauyukan nan, ko wadda mutuwar miji ta kulle a ɗaki, ma'aikaciyar jinya takan ba da magani, sannan ta ce a kai shi wurin Ap Nado. Ɗamarar Aum Gaki ta ɗaure ƙugu fiye da goma. Wasu sun kai rumfa, wasu a benci na uku suka tsaya, ya ce musu daga nan ma ana jin kiran.

Bana likita ya ce ƙugun ya yi iyakar yinsa, Thuji kuma ta kafe sai ya ajiye aikin. Ranar Lahadi da tsakar rana muka taru a filin da ke bayan tudu. Aka dafa jar shinkafa, da barkono da cuku, da busasshen naman shanu. Kowa ya zo da farin gyale na girmamawa ya rataya masa a wuya, har sai da ya zama hancinsa kaɗai ake gani. Gidaje goma sha ɗaya suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowane ya ɗauki gyaran yanki guda na hanyar. Masu rakiya na birni ma sun zo, waɗanda suka yi ta tsokanarsa, wasunsu yanzu da furfura.

Aka ce Dophu ya yi magana. Ya miƙe, babu sanda.

"An ce in yabe shi," ya ce. "Shekara sittin da biyar na san mutumin nan, ban taɓa ganin ya isa ko'ina a kan lokaci ba. Shayinsa kuwa, ku tambayi Gaki." Aka yi dariya. Ya kalli ƙasa, ya kalli ƙafarsa ta dama. "Ya zo ƙofata," ya ce. "Iyakar abin da zan faɗa ke nan." Ya zauna.

Aka juya ga Ap Nado, aka yi tsit ana jiran jawabi. Ya zaro bakinsa daga cikin gyaluluwan, ya nuna fadama da haɓa.

"Ku ɗan rage murya. Suna kiwo."

Mun rage, Ap Nado. Mai jiran na baya, mun gode. Mun gode da safiyoyin da ka taka mana katako kafin mu taka, da baƙin da ka mayar gida suna ganin kwarinmu wuri ne mai haƙuri, da tsofaffinmu da ka fito da su rana. Aum Gaki, ke da kika miƙa sanda, kika ba da gona, kika saƙa ɗamara, rabin wannan jinjina taki ce, ki karɓa ko da kin ce gishirinta bai ji ba. Muna yi muku fatan shekaru masu yawa a bakin murhu, gauraki suna wucewa ta saman rufinku suna gaishe ku.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ba sai kuna da fadama ko tsuntsu mai baƙin wuya ba. A unguwarku akwai wanda ya juya fuska ga bango, ya ce kada kowa ya shigo. Kun san shi, kun san gidan. Ku je ku zauna a bakin shimfiɗarsa, ku ba shi labarin abin da ke faruwa a waje. In ya ce ku fita, ku ce to, amma kada ku yi saurin kaiwa ƙofa.